Galahanga

Galahanga (suna): lalura ce ta bunƙasar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira otizim, wadda Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, kuma alamominta kan fito kafin yaro ya cika shekara 3. Ana yawan rikita ta da jinkirin girma, wato yaro ya makara wajen zama ko tafiya ko magana, alhali mai jinkiri yakan kalli idon mahaifiyarsa, ya nuna abu da yatsa, ya nemi wasa da tsaransa, shi kuwa mai galahanga sau da yawa ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yana maimaita motsi guda, kuma sauya masa abin da ya saba yakan tayar masa da hankali. Lalurorin biyu na iya haɗuwa ga yaro ɗaya. A ƙasar Zuru, inda yara da dama ke tashi da Dakarci da Hausa, kuskure ne a ɗora wa harsuna biyun laifi idan yaro ya makara wajen magana, kuma ya wajaba a fara gwada jin yaro, domin sanƙarau kan bar kurumta, kafin a kai shi ga ƙwararru kamar na asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.