Ma'anar Kalmar "Nama" da Tarihin Cin Kifi a Ranakun Ibadar Kirista

1.0 Gabatarwa

Sananniyar al'ada ce a tsakanin Kiristoci da dama, musamman mabiya ɗariƙar Katolika, su ƙaurace wa nama a ranar Juma'a da kuma cikin kwana arba'in da ke gabatar bikin Ista, su ci kifi a madadinsa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa akwai wata doka da ta umarci a ci kifi a waɗannan ranaku, alhali kuwa babu irin wannan umarni. Abin da dokar Coci ta yi shi ne hana cin abin da ake kira caro da harshen Latin, watau nama, sa'an nan ta yi shiru a kan kifi. Ke nan al'adar baki ɗayanta ta rataya ne a kan iyakar ma'anar kalma guda. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka shata wannan iyaka a Turai, da abin da shatawar ta haifar ta fuskar kasuwanci da siyasa da harshe. Daga ƙarshe za a dubi matsalar da batun ke jawo wa mai fassara zuwa harsunan Nijeriya.

2.0 Asalin Al'adar

Keɓe wasu ranakun mako domin azumi ya faro ne tun farkon Kiristanci. Littafin koyarwar nan da ake kira Didake, wanda aka rubuta da Girkanci wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon ƙarni na 2, ya umarci mabiya su riƙa azumtar Laraba da Juma'a. Juma'a ta sami matsayi na musamman saboda a bisa aƙidar Kirista a ranar ce aka gicciye Yesu Almasihu. Zuwa ƙarni na 4, azumin kwana arba'in kafin Ista ya kafu a yawancin majami'u.

A wancan zamani azumin yana da tsanani. Akan ci abinci sau ɗaya ne a yini, da yamma, kuma akan bar nama da ƙwai da madara da duk abin da aka samu daga gare ta. Har yanzu majami'un Gabas, irin su na Girka da Rasha, suna riƙe da wannan tsanani, domin a wurinsu kifi ma haramun ne a babban azumi, in ban da ranakun biki guda biyu. Wannan ya nuna cewa halatta kifi zaɓi ne da Cocin Yamma, mai amfani da Latin, ta yi a cikin tarihinta. Gaskiya ne kifi yana da daraja a Linjila, tun da wasu daga cikin almajiran farko masunta ne, kuma Kiristocin farko sun ɗauki hoton kifi a matsayin alamarsu. Sai dai wannan daraja ta zama ƙarin kwalliya ne ga al'adar bayan ta kafu.

3.0 Shata Iyakar Kalmar Caro

A ƙarni na 6, Benedikt, mutumin Nursiya ta Italiya, ya tsara dokokin zaman rahibai, watau masu zaman zuhudu. A ciki ya hana su cin naman dabbobi masu ƙafa huɗu, sai fa marasa lafiya. Wannan lafazi ya buɗe ƙofar jayayya, domin kaza da tantabara ƙafa biyu gare su, kuma an daɗe ana muhawara a gidajen rahibai a kan ko hanin ya shafe su.

Bayanin da ya fi tasiri shi ne na Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274. A ganinsa, Coci ta hana naman dabbobin da ke zaune a doron ƙasa suna shaƙar iska, saboda jikinsu ya fi kama da na ɗan Adam, don haka ya fi daɗi, ya fi gina jiki, ya kuma fi motsa sha'awa. Kifi kuwa ana ɗaukarsa abinci mai sanyi, daidai da ilmin likitancin wancan lokaci. Abin lura a nan shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi mazaunin dabba ne, tudu ko ruwa. To, ina matsayin dabbar da ke rayuwa a tsakanin biyun?

Tarihi ya adana amsoshi masu ban mamaki. Wajen 1188, marubucin nan Jeral na Wales ya ba da labarin wasu malaman Coci a Ayilan da ke cin wani tsuntsun ruwa dangin dinya a ranakun azumi, bisa hujjar cewa ba daga ƙwai yake fitowa ba, daga itacen da ke yawo a teku yake tsirowa. Dalilin wannan zato shi ne tsuntsun yana hayayyafa ne can arewa mai nisa, inda ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsa. An ruwaito cewa Paparoma Innosent na III ya hana cinsa a 1215. A ƙarni na 17 kuma, an ruwaito cewa bishop na farko na Kwibek a Kanada ya nemi fatawar malaman Faris a kan wata dabba mai shayarwa da ke gina gidanta a cikin rafi, wadda Faransawa ke kira castor, aka kuma halatta ta. A Benezuwela, ana cin kafibara a makon Ista, wata dabba ce dangin gafiya mai son ruwa wadda ta kai girman tunkiya. Ko a 2010, babban bishop na birnin New Orleans a Amurka ya amsa wa wani mai tambaya cewa nau'in kadan da ke yankinsu yana cikin dangin kifi ta fuskar wannan doka. A duk waɗannan misalai, kalmar "kifi" ta tashi daga sunan wata halitta ta koma sunan rukunin abin da ya halatta.

4.0 Tasiri a Kan Kasuwanci

Idan aka haɗa Juma'o'i da kwana arba'in da jajiberin manyan bukukuwa, da Laraba ko Asabar a wasu wurare, ranakun da ba a cin nama a Turai ta tsakiyar zamani sun kai kashi ɗaya cikin uku na shekara, ko ma fiye. Koguna da tafkuna ba su iya ƙosar da wannan buƙata ba. Binciken ƙasusuwan kifi da masana kufai suka tono a Ingila ya nuna cewa wajen shekarar 1000 mutanen birane sun karkata daga kifin ruwan daɗi zuwa kifin teku, musamman nau'i biyu da ake kira herin da kod. Bunƙasar birane na daga cikin dalilan wannan sauyi, amma dokar azumi ce ta tabbatar wa masunta da fatake kasuwar da ba ta yankewa.

Herin ana farke shi ne a zuba masa gishiri a danƙare a ganga. Fataken birnin Lubek na Jamus sun yi arziki da shi, suna kai gishirin Luneburg zuwa gaɓar Skaniya inda ake kamun. Kod kuwa masuntan tsibiran Lofoten na Norwe ke ratayewa a iska mai sanyi har ya bushe ƙarau kamar itace, ta yadda zai yi shekaru bai lalace ba. Wajen 1360 fataken Jamus suka kafa zango a Bargen domin wannan busasshen kifi. Muhimmancin wannan kaya ya kai har fagen yaƙi: a ranar 12 ga Fabrairu 1429, kusa da garin Rubure a Faransa, an gwabza a kan ayarin kekunan guzuri kimanin 300 da ke kai wa sojojin Ingila kifin azumi, aka kuma sa wa karon suna Yaƙin Herin.

Daɗin daɗawa, dokar ba ta yi wa kowa nauyi iri ɗaya ba. Talaka yana fama da kifin gishiri ko wake, mai hali kuwa yana da tafkin kiwon kifi da masu dafa masa shi iri iri. Wannan ya sa masu suka suka riƙa tambayar inda horon kai yake a teburin da ya fi na sauran ranaku armashi.

5.0 Daga Ibada Zuwa Siyasa

A 1522, a birnin Zurik na Suwizalan, wasu mutane suka taru a gidan wani mai maɗaba'a mai suna Kiristof Froshawa suka ci kyafaffen nama da gangan cikin kwana arba'in. Limamin birnin, Zuwingili, ya kare su a wa'azinsa, yana mai cewa Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa Kirista wannan hani ba. Daga nan ne gyaran addini na Furotesta ya kankama a Zurik, kuma cin nama ko barinsa ranar Juma'a ya zama alamar da ake gane ɓangaren mutum da ita.

Akwai labarin da ke yawo cewa wani Paparoma ne ya ƙirƙiro al'adar domin ya taimaki masunta. Babu wata hujja ta tarihi da ta goyi bayan wannan. Inda aka yi doka ƙarara domin masunta shi ne Ingila, bayan ta rabu da Roma. A 1563, zamanin Sarauniya Elizabet ta I, majalisa ta ƙara Laraba a cikin ranakun kifi, tare da tarar fam 3 ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya saɓa. Manufar ita ce a raya sana'ar su, domin daga cikin masunta ake samun matuƙan jiragen yaƙi. Dokar ta ma tanadi hukunci ga duk wanda ya yi wa'azi cewa cin kifin yana da alaƙa da ceton rai.

A Cocin Katolika, babban sauyi ya zo ne a watan Fabrairu 1966, lokacin da Paparoma Paul na VI ya bai wa majalisun bishop na ƙasashe damar musanya ƙaurace wa nama da wani aikin tuba. A watan Nuwamba na shekarar bishop-bishop na Amurka suka ɗage wajibcin a Juma'o'in da ba na kwana arba'in ba. Wani masanin tattalin arziki, Frederick Bell, ya nuna a 1968 cewa farashin kifi a arewa maso gabashin Amurka ya faɗi da kimanin kashi 12.5 cikin 100 a sakamakon haka. Kundin dokokin Coci na 1983 ya bar hanin a kan duk wanda ya cika shekara 14, kuma a 2011 bishop-bishop na Ingila da Wales suka dawo da shi a kowace Juma'a.

6.0 Sawun Al'adar a Harsuna

Al'adar ta bar sawu a ƙamusun Turai. Kalmar Latin quadragesima, watau "na arba'in", ita ta zama carême a Faransanci da cuaresma a Sifaniyanci. Sunan bikin carnevale na Italiya, wanda ake yi gab da shiga azumi, ya samo asali ne daga kalmomin da ke nufin "kawar da nama". Faransawa sun raba ranaku zuwa gras, mai kitse, da maigre, ramammiya. A harshen Ayilan, sunan Laraba, Céadaoin, yana nufin "azumin farko", Juma'a, Aoine, tana nufin "azumi", Alhamis kuwa, Déardaoin, "tsakanin azumi biyu". Mutanen Aisland ma suna kiran Juma'a föstudagur, ranar azumi.

A Nijeriya akwai sawu biyu. Na farko shi ne frejon, abincin baƙin wake da madarar kwakwa da ake ci da miyar kifi a Legas ranar Juma'ar da ke gabatar Ista. 'Yantattun bayin da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19, waɗanda ake kira Aguda, su suka zo da shi, kuma sunan daga kalmar Fotugis feijão yake, ma'ana wake. Na biyu shi ne busasshen kifin Norwe da aka ambata a baya, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla. Ta hanyar fatauci ya shigo, ya kuma yi amfani a matsayin kayan agaji a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A nan ya rabu da ma'anarsa ta azumi gaba ɗaya, ya zama kayan miya mai tsada da ake haɗawa da nama a tukunya guda.

7.0 Matsalar Fassara

Latin ya bambanta kalmomi biyu. Ieiunium shi ne rage yawan abinci zuwa cikakken ci ɗaya a yini, ba tare da hana shan ruwa ba, kuma a yau ya wajaba ne a Larabar Toka da Juma'ar gabanin Ista. Abstinentia kuwa ita ce barin wani nau'in abinci, ko da an ci sauran an ƙoshi. Kalmar Hausa "azumi", wadda ta samo asali daga Larabci, tana kawo wa mai sauraro ma'anar kame baki daga ci da sha tun ketowar alfijir har faɗuwar rana. Idan mai fassara ya yi amfani da ita ga kalmomin biyu, sai Bahaushe ya ji ana cewa mutum yana azumi alhali ga shi yana cin kifi da rana tsaka, ya ɗauka wasa ake yi da ibada. Ya fi dacewa a bar "azumi" ga ta farko tare da bayani, a fassara ta biyu da "ƙaurace wa nama".

Ita kanta kalmar "nama" tana buƙatar kulawa. Kamar ẹran a Yarabanci da anụ a Ibo, tana iya nufin tsoka, tana kuma iya nufin dabbar kanta, kamar a "naman daji". Mai sayar da abinci kan tambayi mai saye ko nama yake so ko kifi, abin da ya yi daidai da rabon Latin. Amma ana iya jin "naman kifi" idan ana nufin tsokarsa, kuma kaza takan tsaya a matsayin rukuni na daban a bakin masu saye da sayarwa, alhali caro ta haɗa da ita.

8.0 Kammalawa

An ga yadda hani guda da aka gina a kan kalma guda ya motsa fataucin gishiri da kifi, ya shiga rikicin ɗariƙu da dokokin sarakuna, ya kuma raɗa wa ranakun mako suna. An tsara rabon nama da kifi ne a inda nama yake abincin daɗi, kifi kuma abincin haƙuri. Ga masuncin bakin Kwara ko Tafkin Chadi, wanda kifi ne cimarsa ta kullum, barin nama ba ya rage masa komai. Kundin 1983 ya lura da irin wannan, shi ya sa ya ce nama ko wani abincin da majalisar bishop ta ƙasa ta ayyana. Saboda haka ya kamata masu tsara ƙamus da masu fassara su riƙa bayyana manufar dokar tare da lafazinta, su kuma tattara yadda Kiristoci masu magana da kowane harshe na Nijeriya suke kiran waɗannan ranaku a bakinsu.