Yadda Kwalliyar Gidan Sayarwa Ta Zama Sana'a a Amurka

A shekarar 1947 kamfanin Levitt & Sons ya shiga gonakin dankali na Long Island, kusa da birnin New York, ya fara zuba gine-gine. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Sojoji sun dawo sun yi aure, muhalli ya yi ƙaranci, ga kuma dokar 1944 da ta sauƙaƙa wa tsofaffin soji karɓar rancen gida. Kafin ƙarshen 1951 kamfanin ya tsayar da gidaje 17,447 a unguwar da aka raɗa wa suna Levittown.

To, yaya za a sayar wa mutum gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba? Sai aka gina gidan nuni, aka yi masa jere kamar ɗakin amarya, aka buɗe ƙofa jama'a suka yi ta tururuwa. Gidan 1949, mai farashin dala 7,990, yana zuwa da firji da murhu da injin wanki. Na 1950 har da talabijin kafe a jikin bango. Ma'aurata kan shiga su zagaya, su fito suna shawarar inda za su ajiye gadon jariri.

Dabarar ta girmi Levitt. Tun 1922 Marie Meloney, editar mujallar The Delineator, ta jagoranci wani gangami na ƙawata gidajen nuni a garuruwan Amurka don koya wa iyalai tsarin gida. Levitt da magina irinsa suka mayar da abin hanyar ciniki.

Duk wannan a kan sabon gini ne. Tsohon gida kuwa, wanda iyali suka shekara ashirin a ciki, damuwarsa daban ce: kaya sun yi masa yawa. Nan ne sunan Barb Schwarz ya fito, wata dillaliyar gidaje a yankin Seattle na jihar Washington, wadda ake danganta wa kafa sana'ar kwalliyar gidan sayarwa tun 1972. Ta saba da harkar wasan kwaikwayo, sai ta ɗauki falo da kicin a matsayin dandamalin da ake shirya wa 'yan kallo. Abin da take nema daga mai gida ba shi da tsada, amma yana da nauyi a zuciya. A yi kwalema, a kwashe tarkace, a rage kujeru don ɗaki ya yi fili, a ɗage labule haske ya shigo, a shafa fenti mai sanyin launi. Sannan a sauke hotunan iyali daga bango, domin muddin mai saye yana kallon hoton bikin wasu, zai ji shi baƙo ne, kuma baƙo ba ya saurin taya gida. A 1999 Schwarz ta kafa ƙungiyar ƙwararrun masu wannan aiki ta ƙasa da ƙasa.

Talabijin ce ta kai sana'ar gida-gida. A 1998 tashar Channel 5 ta Birtaniya ta fara shirin House Doctor, inda Ann Maurice, 'yar Kalifoniya, ke shiga gidajen da suka yi kwantai a kasuwa ta gyara su. Tashoshin Amurka irin su HGTV suka cika da makamantansa. Da cinikin gidaje ya koma intanet, hoto ya zama ganin farko, har aka kai ga ɗaukar hoton ɗaki wayam a zuba masa kujeru da darduma ta hanyar kwamfuta.

Sai dai tun farko akwai irin mai sayen da ake yi wa kwalliyar. Takardun Levittown na farko sun haramta wa duk wanda ba farar fata ba zama a unguwar, kuma tabon bai gama gogewa ba. A 2020 wasu ma'aurata baƙar fata a Marin City ta Kalifoniya suka nemi sabunta rancen gidansu, mai ƙiyasi ta yanke masa kuɗin da suka ga ya yi ƙasa ƙwarai. Suka sauke hotunan iyalinsu, suka ɓoye kayan adon da ke nuna asalinsu, suka sa wata ƙawarsu farar fata ta tsaya a matsayin mai gida. Ƙiyasi na biyu ya ɗara na farko da kusan dala rabin miliyan. Sun shigar da ƙara a kotun tarayya a 2021, aka sasanta a 2023.