Veeam Backup & Replication

Veeam Backup & Replication manhaja ce ta adana kwafin bayanai da kamfanin Veeam ya fitar a shekarar 2008. An ƙirƙire ta ne domin kwamfutocin kwaikwayo, wato waɗanda ake tafiyar da dama daga cikinsu a kan sabar guda. Ta fara da VMware, daga baya aka ƙara Microsoft Hyper-V.

Buƙatun kayan aiki

Manhajar tana da manyan sassa uku: sabar gudanarwa, furoksi, da rumbun ajiya. Sabar gudanarwa ita ce ke tsara lokutan aiki, kuma buƙatarta ba ta da yawa. A sigar 12, wadda ta fito a 2023, tana buƙatar furosesa mai bit 64 da RAM gigabait 4, sannan a ƙara megabait 500 kan kowane aiki da ke gudana lokaci guda.

Nauyin aikin yana kan furoksi ne, domin shi ke karanto bayanai, ya matse su, ya tura su rumbu. Idan furosesarsa ta yi kaɗan, ayyuka sukan tsaya a layi, har kwafin da aka tsara kammalawa cikin dare ya kai lokacin buɗe ofis.

Shi kuwa rumbu, saurin faifansa ke yanke tsawon lokacin dawo da bayanai. Ana kuma ware shi daga ma'ajiyar da kwamfutocin ke kai, domin in suna wuri ɗaya, lalacewar ma'ajiyar za ta tafi da asali da kwafi gaba ɗaya.