Yadda Ciyawar Gefen Hanya Ta Shiga Zauren Malamai

A cikin dangin hardal, wato tsiron nan da ake buga misali da ƙanƙantar ƙwayarsa, wanda kabeji ma ɗan'uwansa ne, akwai wata 'yar ciyawa mai farin fure da take fitowa don kanta a gefen hanya da tsagar duwatsu a ƙasashen Turai da Asiya, babu mai shuka ta balle mai girbinta, tsayinta da ƙyar yake wuce taƙi guda, ta yi fure, ta zubar da iri, ta bushe tun shekara ba ta zagayo ba.

Wanda ya fara sifanta ta a rubuce wani likita ne Bajamushe, Johannes Thal, da ya tsince ta a tsaunukan Harz a 1577. Saboda haka ne masanin tsirrai Linnaeus ya liƙa mata sunan likitan a 1753, kana a 1842 wani masanin, Heynhold, ya tabbatar mata da laƙabin da take amsawa har yau, Arabidopsis thaliana. Daga nan sai aka mance da ita.

Amma Allah Mai hikima ya sanya darajarta a cikin ƙasƙancinta. A 1907 wani ɗalibi, Friedrich Laibach, ya leƙa ƙwayar halittarta da madubin ƙara girma, ya iske zaruruwan gadonta tagwaye biyar ne kacal. Kuma a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, sa'ad da hankalin mutane yake wani wuri dabam, ya kafa hujja cewa duk mai neman fahimtar sirrin gado a tsirrai, to, ga abin nazari, domin cikin kamar mako shida take kammala rayuwarta, tana barbarar kanta da kanta, kuma tushe ɗaya yana ba da dubban iri masu laushi kamar ƙura, har cikin tafin hannu ana iya riƙe gona guda. A ganina, haƙurin malamin nan ya fi basirarsa ban mamaki, gama sai a 1965 'yan tsirarun mabiyansa suka yi taronsu na farko a birnin Gottingen.

Da fasahar karanta gado ta bunƙasa a shekarun 1980, masana suka lura cewa littafin gadonta gajere ne ainun, sai ɗakunan bincike suka yi mata caa. A Disamban 2000 aka sanar da kammala karatunsa, ta zama tsiro na farko da aka yi wa haka, tun kafin shinkafa da masara.