Tarihin Ra'ayin Lantarki da Filasma a Ilmin Falaki

Filasma iska ce da zafi ya tsananta mata har ƙwayoyin zarrarta suka saki ilaktron ɗinsu, sai ta koma tana ɗaukar lantarki tana bin maganaɗisu. Rana filasma ce, taurari ma haka. Saboda haka masanan da suka ce a nemi bayanin al'amuran sama a wajen lantarki, kada a dogara ga ƙarfin janyowa na nauyi kaɗai, ba su faɗi abin banza ba. Sai dai tarihin wannan ra'ayi ya rabu gida biyu, kuma awo ne ya raba shi: inda aka iya aunawa aka samu yadda suka faɗa, an karɓa, inda awo ya saɓa musu, an ajiye.

Mafarin maganar Kristian Birkeland ne, mutumin Norwe. A ɗakin gwajinsa ya rataye ƙwallon ƙarfe mai maganaɗisu cikin akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska, ya harba masa ilaktron, sai ga zoben haske ya bayyana a kan ƙwallon da gindinsa, daidai inda hasken nan mai rawa yake fitowa da dare a ƙuryar arewa da kudancin duniya. A 1908 ya bayyana cewa lantarki ne ke gangarowa daga sama yana bin layukan maganaɗisun duniya. Sydney Chapman na Ingila, wanda bakinsa ke da nauyi a fagen, ya yi shekara da shekaru yana ƙin yarda. Birkeland ya rasu a Tokyo a 1917, sai bayan kusan rabin ƙarni taurarin ɗan Adam suka ratsa wurin suka auna, suka tarar da igiyoyin lantarkin suna nan. Har yau da sunansa ake kiran su. Hannes Alfvén na Suwidin ya ɗora daga nan: a 1942 ya nuna cewa akwai wata irin igiyar motsi da ke tafiya cikin filasma, aka yi masa shakka, gwaji ya gaskata shi, ya karɓi kyautar Nobel a 1970.

Tangarɗa ta fara ne da aka tashi daga kewayen duniya aka nufi halitta baki ɗaya. Alfvén da Oskar Klein sun kawo wani tsari a shekarun 1960 da ya kauce wa ra'ayin Babbar Fashewa game da farkon halitta, suna cewa abu da kishiyarsa ne ke haɗuwa suna cinye juna, ƙarfin da ke fita shi ke tura gungun taurari. Anthony Peratt ya yi kwaikwayon kwamfuta a 1986 da ya fitar da siffar gungun taurari daga igiyoyin lantarki biyu, Eric Lerner kuma ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1991. Amma tun 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka sanar da wata ƙara da ke shigar musu eriya daga kowace kusurwar sama, wadda har kashin tattabaru suka goge daga na'urar ba ta ɓace ba. Ragowar zafin farkon halitta ce. A 1990 tauraron ɗan Adam na COBE ya auna hasken, ya same shi a digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi, da siffar da ra'ayin Babbar Fashewa ya yi hasashe. Tsarin filasma bai iya fitar da wannan siffa dalla-dalla ba, kuma hasken gama da ya kamata a gani daga cinyewar abu da kishiyarsa bai bayyana ba.

Reshen da ya fi nisa shi ne na Ralph Juergens, wanda a 1972 ya ce daga waje lantarki ke kunna rana, sannan Wallace Thornhill da David Talbott suka tallata shi. Nutirino ya rufe wannan ƙofa. Ƙwayoyi ne da narkewar nukiliya a cikin rana ke fitarwa. Ray Davis ya kama su a ramin ma'adinai na Homestake, ya samu kusan sulusin abin da aka zata, sai cibiyar Sudbury ta Kanada ta nuna a 2001 cewa sauran suna sauya kama ne a hanya.

Magoya bayan ra'ayin lantarki kan ce ƙarfin lantarki ya ninka na nauyi ninkin da ba ya ƙirguwa. Gaskiya ne, amma lantarki iri biyu ne masu soke juna, kuma filasma tana saurin daidaita su, alhali nauyi tarawa yake yi kullum. Sukan ce an raina Birkeland ma kafin a gane. An raina shi, amma ya faɗi inda za a duba da abin da za a samu, kuma wannan shi ne sharaɗin da ake jira daga magadansa. Ƙorafinsu mafi ƙarfi shi ne ɓoyayyen abin nan da masana ke cewa ya fi abin da ake gani yawa, wanda har yanzu ba a kama ƙwayarsa ba. Wannan giɓi ne na haƙiƙa, bai kamata a rufe shi da baki ba. Sai dai a 2006 an nazarci wasu manyan tarin gungun taurari biyu da suka yi karo: filasmarsu ta tsaya a tsakiya, amma lanƙwasar hasken da ke ratsowa daga baya ta nuna mafi yawan nauyin ya wuce gaba, can gefe biyu, inda filasmar ba ta kai ba.