Rabon Matacce

Ranar 2 ga Agusta, 1876, a garin Deadwood na yankin Dakota, inda ƙyallin zinariya ya tara mahaƙa da 'yan caca, James Butler Hickok, wanda Amurkawa suka sani da Wild Bill, ya zauna wasan karta na poka a mashayar Nuttal da Mann. Al'adarsa ce ya jingina da bango domin ya ga mai shiga da mai fita. Ran nan ya tarar da wani a kujerar, ya nemi musanya aka hana shi, dole ya juya wa ƙofa baya. Jack McCall ya lallaɓo ya harbe shi a ƙeya. Kotun mahaƙa ta sallami McCall, amma aka sake shari'arsa a Yankton, aka rataye shi ranar 1 ga Maris, 1877.

Nan tarihi ya tsaya, baki ya ɗauka. Aka ce katunan da aka raba wa mamacin baƙaƙen as biyu ne da baƙaƙen takwas biyu, kuma daga nan ake kiran wannan haɗi "hannun matacce".

Ina ganin sunan ya daɗe yana yawo kafin ya sami Hickok. A 1886 an riga an buga shi a jarida, amma jak uku da goma biyu ake nufi. A farkon ƙarni na 20 wasu littattafai suka ce jak ne da bakwai, wasu jak da takwas, ba tare da ambaton Hickok ba. Rahotannin lokacin kisan ma ba su kula da katunansa ba; mutum ne aka kashe, wa ke ta karta? Sai a 1926, shekara 50 bayan an kashe shi, littafin Frank Wilstach kan rayuwarsa ya yayata labarin as da takwas. 'Yan caca suna da camfi mai neman gawa, Hickok kuwa gawa ce mai suna.

Silima ta ƙarasa aikin. A fim ɗin Stagecoach na John Ford, a 1939, an raba wa Luke Plummer waɗannan katuna gab da ajalinsa, kuma Ford ya maimaita dabarar ga Liberty Valance a 1962. Mai kallo ba ya buƙatar bayani, da ganin katunan ya san an gama. Har sashen binciken kisan kai na 'yan sandan Las Vegas ya sa su a tambarinsa.

Mashayar asali ta ƙone a gobarar 1879. Deadwood ta halatta caca a 1989, kuma a lokacin baƙi ana kwaikwayon harbin domin masu yawon buɗe ido. Poka kuwa kati biyar ake rabawa, almarar ta ƙirga huɗu. Na biyar ɗin wani ya ce sarauniya ce, wani ya ce jak, wani tara, wasu kuma suka ce harsashi ya riga mai rabo.