Jita Mai Tsirkiya Goma Sha Biyu: Tarihinta Da Matsalar Gyaranta

Tarihin jita mai tsirkiya goma sha biyu tarihi ne na kokawa tsakanin ƙarfe da katako. Tsirkiyoyinta bibbiyu suke a sahu shida, kuma a sahu huɗu na masu kaurin murya akan haɗa kowace kakkaura da siririya mai zaƙi. Jita mai tsirkiya shida takan ɗauki jan da ya kai kimanin kilo 70, amma wannan nata jan yakan haura kilo 100, dare da rana, a kan fallen katako siriri. Nan ne tushen ciwonta.

A farkon ƙarni na 20 kamfanin Oscar Schmidt na birnin Jersey City a Amurka ya riƙa ƙera ta da sunan Stella, a kan kuɗi kaɗan. Talakawan makaɗa suka rungume ta, domin a zamanin da babu lasifika amonta yakan cika titi. Da ita Lead Belly ya yi suna, haka Blind Willie McTell na Atlanta, ga kuma Lydia Mendoza a Texas, wadda ta yi faifan "Mal Hombre" a 1934. Abin lura shi ne, su Lead Belly sukan ɗaura kakkauran tsirkiyoyi amma su sassauta su, murya ta sauka ƙasa ƙwarai, katako ya sami sarari.

Bayan mutuwar Lead Belly a 1949 kasuwarta ta kwanta, sai Pete Seeger da 'yan kaɗan suka riƙe ta. Gibson ya fito da tasa a 1961, waƙar "Walk Right In" ta game Amurka a 1963, sa'an nan Martin da Guild suka biyo baya a 1964. Sababbin makaɗa kuwa suka ɗaure ta tamau, daidai da muryar mai tsirkiya shida. Bayan shekaru sai ɓarna ta bayyana: fuska ta kumbura, jaki, watau katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ya fara ɗagowa, wuya ya rusuno, tsirkiyoyi suka yi wa yatsa nisa.

Saboda haka gyaran tsohuwar jita yana da tsari. Da farko akan ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari har katako ya natsu. Sa'an nan a zura ɗan madubi a duba sandunan da ke tallafe da fuska, a manne waɗanda suka saki. Daga nan sai wuya. Gibson ya sami rajistar sandar ƙarfe mai juyawa a cikin wuya tun 1923, Guild ya sa guda biyu, amma Martin bai sa mai juyawa ba sai 1985. Ita sandar lanƙwasa kaɗai take miƙarwa. Idan gindin wuya ne ya karkace, dole a narkar da gam da tururi, a zare wuyan, a fere gindinsa kaɗan, a mayar. Mai gaggawa yakan kankare jaki don tsirkiya ta sauko, ya kashe amo, ciwon kuma yana nan. Daidaita tsayin tsirkiyoyi shi ne aikin ƙarshe.

A nan ake samun saɓani. Mai tara kayan tarihi ba ya son a canja ko ƙusa ɗaya, makaɗi kuwa abin da zai kaɗu yake nema. Tarihi ne ke raba gardamar: Stella ta 1930 ba a ƙera ta don ɗaurin 1965 ba. Idan aka sa mata siraran tsirkiyoyi, ko aka mayar da muryarta ƙasa inda masu ita na farko suka ajiye ta, sai ta kaɗu ba tare da an taɓa jikinta da yawa ba. Gwanin gyara yakan fara tambayar shekarar da aka ƙera jita kafin ya ɗauki kurfi.